Yadda Ake Raɗa wa Mutanen Ƙagaggen Labari Suna Idan Labarin na Garwa, Marwa ko Njamena Ne

Yawancin labaran da matasanmu ke sakawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ko da marubucin a Garwa yake zaune ko Marwa a arewacin Kamaru, ko Njamena ta Chadi, sunayen da ke ciki na aro ne. Jarumi Aryan, jaruma Afnan, ƙanwarta Hanan, uwa Mami, uba Dadi. Ba laifi ba ne mutum ya kafa labarinsa a gidan masu kuɗin Abuja ya zuba irin waɗannan sunaye. Amma idan ka ce mana a unguwar Hausawa ta Garwa aka haifi yarinyar, kakarta tana suyar ƙosai a bakin hanya, ubanta mahauci ne, sannan babu ko mutum ɗaya a gidan mai sunan da aka taɓa raɗawa a zaure kafin zuwan tashoshin tauraron ɗan Adam, mai karatu zai ji a jikinsa cewa wannan gida babu shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ga abin da na tsaya a kai: ba kai marubuci ke zaɓen sunan ba, mutanen cikin labarin ne ke raɗa shi. Aikinka shi ne ka gano wa ya raɗa, a wane gari, a wace shekara, da wane dalili. In ka san waɗannan, sunan da kansa zai zo.

Mataki na farko: rubuta asalin mutum kafin sunansa

Ɗauki takarda, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka. Ga kowane babban tauraro ka rubuta shekarar haihuwarsa, garin da aka haife shi, ƙabilar uba da ta uwa, addinin gidan, sana'ar uba, da matsayinsa a jerin 'ya'ya. Sai ka ƙara tambaya ɗaya da mutane ke mantawa da ita: ranar suna, maganar wa aka bi? A al'adarmu ranar bakwai ake yanka rago a raɗa suna, wanzami ya yi aski, a raba goro. Amma kafin liman ya buɗe baki an riga an gama shawara a cikin gida. Wani uban yana mayar da sunan mahaifinsa da ya rasu. Wani yana yi wa malaminsa takwara, ko ubangidansa na kasuwa, ko abokin da ya taimake shi a wata tafiya. Wata uwar ta so sunan mahaifiyarta aka hana ta, kuma wannan hanin kaɗai ya isa ya zama tushen rikici a babi na goma.

Shekarar haihuwa tana da nauyi ƙwarai. Matar da aka haifa a 1955 za ta yi kyau da Asabe, Talatu, Kande ko Dije. Wadda aka haifa a 1985 ta fi dacewa da Hadiza, Rukayya, Maryam ko Fadimatu. Jikarsu ta 2015 ce za ta iya ɗaukar Afnan, kuma ko ita ɗin sau da yawa za ka tarar sunan yankanta Hauwa'u ne, Afnan ɗin iyaye suka liƙa mata. In ka jera zuriya uku a haka, mai karatu ya ga tarihin gidan tun kafin ka ba shi.

Mataki na biyu: sunan yanka, da yadda bakin yankin ke furta shi

A nan ne labarin arewacin Kamaru da Chadi yake da dukiyar da marubucin Kano ba shi da ita. Sunan yanka ɗaya ne, amma kowane harshe ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Abubakar a bakin Bahaushe Garba ne ko Habu, a bakin Bafulatani Buba, a wurin Barebari Bukar, in ka haye gadar Ngeli daga Kuseri ka shiga Njamena ya koma Abakar. Muhammadu yana zama Mamman, Hamman, Modu, ko Mahamat. Umaru Sanda ne, Usmanu Shehu ne ko Manu, Aliyu kuwa a Adamawa za ka ji ana ce masa Garga. Ibrahim da ke Iro a gidan Hausawa, Brahim ne a Chadi.

Haka na mata. A'ishatu tana zama Indo ko A'i ko Shatu, a Garwa da Ngaundere Aisatu, a Njamena Ashta. Faɗimatu Binta ce a wurinmu, Falmata a wurin Barebari, Fatime ko Zara a Chadi. Maryam tana zama Mairo ko Mairamu, Zainabu tana zama Abu, Jenabu ko Zenaba, Hauwa'u kuma Kulu.

To yaya za ka yi amfani da wannan? Ka zaɓi sunan yanka tukuna, sannan ka tambayi kanka wane harshe ya fi ƙarfi a inda yaron ya tashi. Hausawan Garwa da Marwa da Ngaundere tsakiyar Fulatanci suke zaune, shi ne harshen kasuwa da titi. Don haka ba abin mamaki ba ne ɗan Bahaushe tsantsa a ce masa Buba a unguwa. Hausawan Njamena kuwa, waɗanda da yawa kakanninsu hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta ajiye su a can, cikin Larabcin Chadi suke rayuwa. 'Yarsu Halima tana iya zama Halime a bakin ƙawayenta ba tare da kowa ya ga wani abu ba. Idan ka sa yarinya mai suna Ashta a gidan Hausawan Ngaundere, dole ka ba mu dalili: ko uwarta daga Chadi aka auro ta, ko ubanta ya yi zaman fatauci a can. In babu dalili, kuskure ne. In akwai, ka samu labari kyauta.

Mataki na uku: sunan gida

Bahaushe bai cika rayuwa da sunan yanka kaɗai ba. Akwai sunan rana: Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Altine ta Litinin, Ɗantala da Talatu na Talata, Bala da Balaraba na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Ɗanjuma da Jummai na Juma'a, Ɗan'asabe da Asabe na Asabar. Waɗannan suna da sauƙi, amma ka kiyaye: in ka sa mata Jummai, kada a wani babi kakarta ta ce ranar Talata aka haife ta ana ruwa.

Waɗanda suka fi amfani ga mai ƙirƙira su ne sunayen yanayin haihuwa, domin kowannensu guntun tarihi ne. Tanko namiji ne da ya zo bayan mata. Kande ko Delu mace ce da ta zo bayan maza. Gambo shi ke bin tagwaye, wato in ka sa Gambo a labari, to akwai Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina a gabansa, ko suna raye ko sun rasu, kuma mai karatu mai lura zai neme su. Auta shi ne na ƙarshe. Talle maraya ne tun yana jariri. Audi bayan rasuwar ubansa aka haife shi. Azumi da Ɗan'azumi cikin watan Ramadan suka zo, Sallau ranar salla, Cindo da yatsa shida. Sai sunayen 'ya'yan wabi, wato na matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana: Ajuji, Abarshi, Barmani. Ka duba nauyin da ke cikin wannan. Idan dattijuwar labarinka sunanta Barmani, ba sai ka ɓata shafi biyu kana bayanin baƙin cikin da uwarta ta sha ba. Layi ɗaya ya isa, sauran mai karatu zai cike da kansa.

Fulani ma suna da nasu na jerin haihuwa, irin su Dikko na ɗan fari da Sambo na ɗa namiji na biyu. Kada ka ba autan gida Dikko don kawai sunan ya yi maka daɗi a kunne.

Wani abin da na ga ana yawan yi, kuma ba na so, shi ne sunan da ke tona halin mutum tun daga shafin farko: mugu sunansa Mugu, marowaci Alhaji Maƙo, kishiya Hajiya Masifa. A wasan barkwanci na rediyo ya halatta. A labarin da kake so a ɗauka da gaske, babu uwar da ke raɗa wa ɗanta mugun suna ranar bakwai. In kana son irin wannan, mayar da shi laƙabin da 'yan unguwa suka liƙa masa a bayan idonsa, ka kuma nuna mana ranar da ya fara jin ana kiransa da shi. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma gwanin marubuci yakan bar linzamin ya ja ta inda ba a zata ba: Salihu ya zama ɓarawon shanu, Hajiya Sa'adatu ta rasa sa'a a gidan aure uku.

Mataki na huɗu: wa ke kiransa da me

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Bayan ka samu suna, ja layi a ƙarƙashinsa ka jera duk mutanen da za su yi magana da shi a labarin, ka rubuta abin da kowannensu ke ce masa.

Bari mu gwada da mutum ɗaya. A ce an haife shi a Garwa ranar Alhamis a 1978, ɗan fari ne, an mayar masa da sunan kakansa na wajen uba, Abubakar. Ubansa ba zai iya kiran sunan mahaifinsa gatsau ba, sai ya ce masa Baba ko Abba. Uwarsa tana alkunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan surukinta ne, don haka ba za ka taɓa jin sunan a bakinta ba. Sai dai ta ce "wannan yaron", ko ta aiki ƙanensa: "Je ka ce wa yayanku ana kira." Kakarsa, matar mai sunan, wasa take yi da shi tana ce masa maigidana ko angona. Abokan ƙwallonsa Buba suke ce masa. Wani kawunsa da ya zo daga Katsina ya tsaya a kan Ɗanlami. Malamin lekol, wato makarantar boko, yana kiran Aboubakar daga rajista. Da ya girma ya fara kai kaya Njamena, abokan cinikinsa na can suka mayar da shi Abakar. Matarsa Malam take ce masa, ko Baban Ummi. Ya dawo daga Makka, yaran shagonsa suka koma Alhaji.

Mutum ɗaya ke nan, sunaye sun haura goma. Kai mai ba da labari sai ka zaɓi ɗaya tak da za ka riƙa kiransa da shi a bayaninka, kada ka canza shi har ƙarshe. Sauran ka bar su a bakin masu magana. Da haka mai karatu zai san wa ke magana ko ba ka faɗa ba:

"Ina angon nawa? Ko ya yi sabuwar amarya ne ya manta da tsohuwa?"

"Yana shago, Goggo. Tun asuba Malam ya fita, ko karyawa bai yi ba."

Ba a ambaci sunan kowa ba, amma ka san tsohuwa ce ke tambayar jikanta, matarsa ce ke amsawa.

Kuma ga inda ribar take. Duk dokar da ka kafa, ranar da aka karya ta babbar rana ce a labari. Matar da ta yi babi ashirin tana cewa Malam, ranar da ta dube shi ta ce "Abubakar, sake ni", ba ka bukatar ka rubuta cewa ranta ya ɓaci. Uwar da ba ta taɓa furta sunan ɗanta ba, ranar da aka shigo da labarin haɗarin mota a hanyar Ngaundere ta ƙwala kiran sunan, mai karatu zai ajiye waya ya share ido. Amma sau ɗaya ake harba wannan harsashi. In ka bar kowa na kiran kowa da sunan yanka tun daga farko, ka zubar da shi.

Sunayen dangantaka ma ka ɗauko na yankin. A gidajenmu na nan za ka ji Baffa ga ɗan'uwan uba, Kawu ga ɗan'uwan uwa, Goggo ga 'yar'uwar uba, Yafendo ga ƙanwar uwa, Dada ko Inna ga uwa, Adda ga babbar ya, Hamma ga babban wa. Anti da Onkul ba su da gurbi a bakin yarinyar da ta tashi a Marwa, sai in 'yar boko ce mai kwaikwayon finafinai, ita ma Tanti da Tonton za su fi zuwa bakinta.

Mataki na biyar: sunan takarda

Mu a nan kowa yana da suna na biyu da magatakarda ya ba shi da haruffan Faransanci. Umaru ya zama Oumarou, Musa Moussa, Isa Issa, Usmanu Ousmanou, Jibrilu Djibrilla, Hauwa Haoua, Zainabu Djenabou. Ƙa'idar a bayyane take: u ta koma ou, j ta koma dj, c ta koma tch, s tsakanin wasula ta ninku, lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ kuma ta ɓace. Shawarata ita ce ka rubuta sunayen da ƙa'idar Hausa a duk bayaninka da hirarrakinka, ka ajiye rubutun Faransanci don inda takarda ke magana: takardar haihuwa, katin shaida, jerin waɗanda suka ci jarrabawa, sammacin kotu, ko jandarma a shingen hanya yana karanta kati. Kada ka rubuta Umaru a shafi na uku, Oumarou a na bakwai, ba tare da dalili ba.

Wannan ma ƙofar labari ce. Yaron da aka rubuta da sunan kawunsa don shi ya kai shi lekol, yarinyar da aka rage wa shekaru a takarda, wa da ƙane da sunan ubansu ya sha bamban a kati saboda magatakarda biyu ne suka rubuta, sai ranar rabon gado abin ya tashi. Mun san irin waɗannan a kowace unguwa.

Mataki na shida: maƙwabta

Garin da Hausawa kaɗai ke cikinsa babu shi a arewacin Kamaru ko Chadi. Labarinka zai yi rai ne in akwai Bafulatani da Babarbare da Balaraben Shuwa, akwai Kotoko da Musgum a bakin kogin Logon, akwai Mafa da Giziga da Tupuri da Mundang, akwai Gbaya da Mbum a wajen Ngaundere, akwai Sara a unguwannin Mursal da Shagwa na Njamena. Kiristoci a cikinsu galibi suna haɗa sunan baftisma na Faransanci da sunan gida na harshensu. Sunan gidan nan kada ka ƙirƙire shi da ka. Je wurin maƙwabcinka ko abokin karatunka ɗan ƙabilar, ka ce ya ba ka sunaye biyar na maza da biyar na mata, ya gaya maka ma'anarsu da wanda ake ba wa. Minti goma ne, kuma zai hana ka sa wa ɗan Mafa sunan Tupuri. Ka kuma tuna sunaye a nan suna cuɗanya: ɗan ƙwallon nan Vincent Aboubakar, da ya fito daga ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ba ta kofin Afirka a 2017, sunansa kaɗai ya isa shaida.

In labarinka na tarihi ne, lissafa da zamani. Har zuwa 1973 sunan babban birnin Chadi Fort-Lamy ne, daga sunan hafsan Faransa da ya mutu a yaƙin Kuseri na 1900, yaƙin da aka kashe Rabe a cikinsa. A 1973 ɗin ne shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Njamena, ya ajiye sunansa François ya ɗauki Ngarta, aka kuma matsa wa mutane su bar sunayen Turawa. Ma'aikacin gwamnati ɗan kudu a labarin 1974 yana iya kasancewa da sunan ofis daban, da wanda matarsa ke kiransa a gida daban.

Mataki na bakwai gajere ne: sarauta da sana'a. A Garwa da Marwa da Ngaundere Lamiɗo ne, a ƙarƙashinsa Lawan da Jauro, ga Arɗo na makiyaya, ga Sarkin Hausawa. A Kuseri da Mora da Abeshe Sultan ake cewa. Malami Modibbo ne a wurin Fulani, Goni a wurin Barebari in ya gwanance a Alƙur'ani, Faki a Chadi. Ƙananan mutanen labari kuwa sana'a ko asali ya ishe su suna: Mai soya, Mai goro, Baduku, Sarkin Pawa, Malam Bakatsine. Wanda zai fito sau ɗaya ya miƙa shayi ya wuce, kada ka ba shi sunan yanka, don mai karatu zai ɗauka ya riƙe shi.

Mataki na takwas: gwaji

Jera sunayen duka a shafi ɗaya ka karanta da ƙarfi. In akwai Hadiza da Hafiza da Hafsatu da Halima a gida ɗaya, canza uku. Mai karanta labari a waya, yana kan moto, wato babur, ko yana jiran tuwo ya nuna, harafin farko da tsawon suna yake kamawa. Ka bambanta su: Kulu, Mairamu, Asabe, Bilkisu. Tagwaye kaɗai ke da uzuri, su ma ka ba ɗaya laƙabi.

Sannan ka rubuta cikakken sunan kowane babban tauraro a Google da Facebook, da rubutun Hausa da na Faransanci. Sunayenmu na kowa da kowa ne, ba za ka rasa masu irinsu ba, wannan ba damuwa ba ce. Damuwar ita ce suna da gari da sana'a su haɗu a kan mutum ɗaya sananne. In mugun labarinka Alhaji ne mai motocin sufuri a wata unguwa ta Marwa, kuma akwai Alhaji mai wannan suna da wannan sana'a a unguwar, ka sayi rigima da kuɗinka, ko da ba ka taɓa jin labarinsa ba. Canza sunan ko unguwar. Sunayen da siyasa ta riga ta cika su da nauyi, irin su Ahidjo, ɗan Garwa da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ko Habre da Deby a Chadi, ka bar su sai in da gangan kake so tunanin mai karatu ya tafi can.

Ka duba kuma yadda ka raba mugunta. In duk ɓarayi da matsafa da 'yan giyar labarinka sunayen ƙabila ɗaya suke ɗauke da su, mutanen kirki kuma duk Hausawa ne, sake rabo. Masu karatunka a nan da yawansu ƙabilar uwa daban ce da ta uba, kuma suna lura.

Na ƙarshe, tunda yawancinmu kashi-kashi muke sakin labari, wani har ya kai wata shida ana bi: ajiye rajista. Shafi ɗaya, kowane mutum da layinsa, sunan yanka, sunan gida, sunan takarda, shekarar haihuwa, sunan uba da na uwa, da abin da kowa ke kiransa. Duk sabon mutumin da ya shigo, ko mai gadi ne, ka shigar da shi a ranar. Kafin ka saki kowane kashi, buɗe rajistar ka gwada sunayen da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, musamman na waɗanda suka daɗe ba su fito ba, irin goggon da aka bari a Ngaundere tun kashi na huɗu.